Yadda ake shan maganin zaizayar ƙashi a kan tsari: na kullum, na sati, na wata da ƙarin ruwan shekara

Wata dattijuwa ta taɓa dawo min da kwalin maganinta bayan kwana huɗu babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, ta ajiye min a tebur ta ce, "'Yar nan maganin naku ya ƙare, kuma ƙirjina kaman an hura wuta." Na ɗauki kwalin na duba, alendronet ne miligiram 70, ƙwaya huɗu, wato na wata guda cur, ita kuwa ta shanye a kwana huɗu dan a saninta duk magani kullum ake sha. Ban ga laifinta ba wallahi, ba wanda ya zaunar da ita ya mata bayani. Tun ranar na daina miƙa wa mutum maganin nan a tsaye, sai mun zauna da kalanda da biro.

Magungunan sunan gidansu bisfosfonet, a cikinsu akwai alendronet da risedronet da ibandronet da zoledronet, kuma ga aikinsu a taƙaice. Ƙashi ba dutse ba ne, kullum akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi da wasu masu gina sabo, to idan shekaru suka ja, musamman ga mace bayan al'ada ta ɗauke, masu rushewa sai su fi ƙarfin masu gini, ƙashin ya zama kaman soso, ɗan santsi kaɗan a banɗaki sai karaya a ƙugu ko wuyan hannu ko ƙashin baya. Maganin yana manne wa ƙashi ya kashe wa masu rushewar gwiwa. Abu biyu kawai nake so ka riƙe daga nan: na ɗaya, a cikin ƙwayar da aka haɗiya ko kashi 1 cikin 100 ba ya shiga jini, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ma abinci na iya tare shi gaba ɗaya. Na biyu, wanda ya shiga ɗin yana zama a ƙashi shekara da shekaru. Na farkon ne ya kawo duk dokokin safiya, na biyun ne ya sa ake iya sha sati-sati ko shekara-shekara har a ba mutum hutu daga baya.

Abubuwan da za ka tanada

Takardar likita da sunan maganin da ƙarfinsa a rubuce, dan wannan ba maganin da za ka ji wata ta yaba ka je ka siyo wa Mama ba ne. Sakamakon gwajin ƙoda da na kalsiyam a jini, da na bitamin D in an yi. Kofi babba mai cin ruwa mililita 200 zuwa 240, ka ware shi dan wannan aikin. Kalanda ta bango mai manyan lambobi da biro, ko alam a waya, ni dai na fi yarda da kalandar saboda tsofaffi da yawa alam na ƙara sai su kashe su manta. Agogo. Kujera mai majingina. Ƙwayar kalsiyam da bitamin D idan likita ya rubuta. Sai ƙaramin kati da za ka rubuta ranar da aka fara, da shekarar, kar ka raina katin nan za ka ga amfaninsa a can gaba.

Abu ɗaya da ba na so ka yi amfani da shi: akwatin nan na jera magani mai ramuka bakwai. Kar ka jefa ƙwayar ƙashi cikin ramin safe tare da na hawan jini da na suga, za a watsa su baki gaba ɗaya bayan karin kumallo a yi asara. A bar ta a kwalinta, ita kaɗai.

1. Kafin ƙwayar farko, a duba abu huɗu

Ƙoda. Ta ƙoda maganin yake fita, idan tacewarta ta yi ƙasa da mililita 35 a minti ba a ba da alendronet ko zoledronet, risedronet da ibandronet kuma iyakarsu 30.

Kalsiyam da bitamin D. Idan kalsiyam ɗin jini ya yi ƙasa sai an gyara shi tukuna, dan maganin na ƙara saukar da shi, kuma mai ƙarancin bitamin D shi ya fi faɗawa wannan matsalar.

Haƙori. Duk haƙorin da ya ruɓe ko yake girgiɗi ake tunanin cirewa, a cire dasashi ya warke kafin a fara, in dai ba gaggawa likita ya gani ba.

Maƙogwaro. Ka tambaye ta kai tsaye, "Mama, abinci yana maƙale miki in kin haɗiya?" Mai ƙunƙuntar hanyar abinci, ko wadda ba za ta iya zama ko tsayuwa na minti 30 ba, ƙwaya ba tata ba ce, sai dai ta jijiya. Mai ciki da mai shayarwa kuma babu su a wannan lissafin.

Shi gano ciwon kansa da hoton auna ƙarfin ƙashi ake yi, wanda ake kira DXA, idan makin T, wato lambar da hoton ke bayarwa ta ƙarfin ƙashi, ya kai -2.5 ko ƙasa da haka to zaizayar ƙashi ce, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tun 1994. In babu na'urar a kusa ba shikenan ba: dattijon da ya karye a ƙugu ko ƙashin baya daga ɗan faɗuwa a tsaye, wannan karayar ta isa hujja, sannan akwai lissafin FRAX a intanet, mai ƙiyasta haɗarin karaya, da likita zai iya cikewa ko babu hoton.

2. Ka san wane tsari aka ɗora ta a kai

Alendronet, wanda ya fito da sunan Fosamax a 1995, shi aka fi farawa da shi: miligiram 70 sau ɗaya a sati, ko miligiram 10 kullum. In na rigakafi ne rabin haka, 35 a sati ko 5 kullum. Ka lura 70 ɗin dai 10 ne sau bakwai, shi ya sa amfaninsu ɗaya, bambancin kawai sau nawa za a sha wahalar dokokin safiya, sau 52 a shekara ko sau 365. Ni ban ga dalilin wahalar da tsohuwa da na kullum ba in akwai na sati.

Risedronet, Actonel kenan: miligiram 5 kullum, ko 35 a sati, ko 150 sau ɗaya a wata, akwai ma tsarin 75 kwana biyu a jere kowane wata.

Ibandronet, Bonviva ko Boniva: ƙwaya miligiram 150 a wata, ko allurar jijiya miligiram 3 duk wata uku. Yana kare ƙashin baya, amma ba a tabbatar yana rage karayar ƙugu ba yanda aka tabbatar ga sauran ukun, dan haka in ƙugu ake jiye wa tsoro ba shi ne zaɓin farko ba.

Zoledronet, Aclasta ko Reclast: miligiram 5 ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, na rigakafi kuma sau ɗaya a shekara biyu.

Maza ma ana ba su, galibi alendronet 70 ko risedronet 35 a sati ko ƙarin ruwan, haka wanda ya daɗe kan firednisolon da 'yan uwansa, wato magungunan rage kumburi masu raunana ƙashi. Idan an je siya ba a samu na sati ba sai na kullum, a kira likita ya canza rubutun, kar ka tara ƙananan ƙwayoyi bakwai ka ce ai lissafi ɗaya ne. Kuma ɗaya ake sha a cikin 'yan gidan bisfosfonet ɗin nan, ba a haɗa biyu.

3. Zaɓi rana ka kafe a kanta

Ranar da gida ba hayaniya, ba fita da sassafe, kuma akwai wanda zai tuna mata. Ka zagaye duk ranakun watan a kalanda tun yanzu, in an sha a soke. Na wata-wata kuma kwanan wata ake zaɓa, misali 1 ga wata, kar ka zaɓi 30 ko 31 Fabrairu ya zo ya rikita ku. A jikin kwalin ka rubuta da manyan baƙi SAU ƊAYA A SATI da sunan ranar.

4. Safiyar shan maganin

Nan aikin yake, kuma nan aka fi ɓata shi.

Da ta tashi daga barci, ta tashi kenan ba komawa gado, kuma ba abin da ya shiga cikinta tun dare. Ta zauna a miƙe ko ta tsaya. Ta haɗiye ƙwayar gaba ɗayanta da cikakken kofin ruwa zalla, ta shanye ruwan tas ba kurɓa biyu ba. Ba a taunawa, ba a tsotsa, ba a daka ta a jiƙa, in ta narke a baki tana iya sa gyambo.

Sai ka duba agogo ka faɗa mata lokacin da za ta ci abinci da baki, kar ka ce "anjima". Alendronet da risedronet minti 30 ne aƙalla, ibandronet awa ɗaya cif. A cikin wannan lokacin ba abinci, ba shayi, ba kofi, ba madara, ba lemo, ba wani magani ko ɗaya, ruwa zalla kawai in tana so. Kofi ko ruwan lemo kaɗai na rage shigar alendronet da kusan kashi 60 cikin 100, madara kuwa ba a magana, kalsiyam ɗin ciki ne yake cafke maganin tun a hanji su fita tare. Ko ruwan roba mai yawan sinadarin kalsiyam ba a so, in kana shakka ka duba rubutun jikin robar.

Kwanciya kuma an hana har lokacin ya cika kuma har sai ta ci abinci. Dalili shi ne ƙwayar tana da kaifi, in ta maƙale a hanya ko ta dawo sama sai ta ƙona hanyar abinci. Kishingiɗa a doguwar kujera ma kwanciya ce, haka duƙawa ana shara ko wanki, a bari sai an karya. Zama, tsayuwa, ɗan zagaye a tsakar gida duk babu laifi.

Wata ta yi wata takwas tana sha ba fashi, 'yarta na ta yaba ta, sai ranar na ce, "Mama, da me kike haɗiyewa?" Ta ce, "Da shayina mana, ruwa da safe tayar min da zuciya yake." Na yi shiru na ɗan lokaci dan ban san ta inda zan fara ba, wata takwas ɗin nan fiye da rabi sun tafi a banza. Muka koma ruwa mai ɗan ɗumi ta ce wannan za ta iya. Tun daga nan ba na tambayar "kina sha?", kowa zai ce eh, ina cewa ne ki nuna min yanda kike yi tun daga tashi.

In dokar cikin-babu-komai ta gagara, akwai risedronet 35 na musamman mai jinkirin narkewa, Atelvia ake ce masa a Amurka, shi da an gama karin kumallo ake sha, amma hana kwanciya na minti 30 na nan. Shi kaɗai ne haka, kar ka ɗauki dokarsa ka ɗora wa risedronet na yau da kullum. Wadda haɗiyar ƙwaya ke ba wa wuya akwai alendronet na ruwa da mai narkewa a kofi, in ba a samu ba a koma maganar ƙarin ruwa.

5. Kalsiyam da sauran magunguna, can da rana

Maganin yana hana rushewa ne, kayan ginin sai an kawo. Ana so a samu kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana idan an haɗa na abinci da na ƙwaya, ba na ƙwaya kaɗai ba, da bitamin D wajen yunit 800. A takarda minti 30 bayan maganin ƙashi ya isa, awa ɗaya in ibandronet ne, ni dai ina cewa a kai shi abincin rana ko na dare kowace rana, dan kar a ce ranar magani daban sauran ranaku daban a rikice. Maganin ƙarin jini, magniziyam, da farin ruwan nan na ƙwannafi duk dokarsu ɗaya da kalsiyam. Ibufrofen da daiklofenak kuma da tsofaffi ke sha kaman gyaɗa saboda gwiwa, suna ƙara wa ciki zafi a kan na maganin, a gaya wa likita ana shan su.

6. In an manta

Na kullum: an wuce safiya an ci abinci, a bar na yau, gobe a sha ɗaya kaman kullum.

Na sati: a sha washegarin ranar da aka tuna da safe, sannan a koma ainihin ranar da aka zaɓa. Misali ranarta Lahadi, aka tuna Talata da rana, ta sha Laraba da safe, Lahadi mai zuwa ta ci gaba. Ba a shan biyu rana ɗaya.

Na wata: ka ƙirga kwana nawa suka rage zuwa na gaba. Sun fi 7, a sha gobe da safe. Bakwai ne ko ƙasa, a haƙura a jira ranar. Ba a shan 150 sau biyu cikin sati ɗaya.

Mantuwa ɗaya ba abin tashin hankali ba ce tunda maganin na zaune a ƙashi, ninkawa ce matsala. In kuwa an sha fiye da ƙima kaman dattijuwar can, a ba ta madara cikin kofi dan ta kama maganin, kar a sa ta amai, kar ta kwanta, a tafi asibiti. A nan ne kaɗai madara ke da rana.

7. In ƙarin ruwa ne

Ga mai mantuwa, ko mai ciwon ciki, ko wadda magungunan safe suka yi wa yawa, ni zoledronet nake yabawa, sau ɗaya an gama sai baɗi. A babban gwajin da aka wallafa a 2007 ya rage karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin 100, ta ƙugu da kashi 41, cikin shekara uku.

Kafin kowane zagaye a sake gwajin ƙoda da kalsiyam, na bara ba ya aiki bana. Ranar ta ci abincinta yanda ta saba, babu dokar yunwa a nan, ta sha ruwa kofi biyu kafin a fara, in tana zawo ko amai a ɗaga ranar. Ruwan ba zai gaza minti 15 yana shiga ba, in ka ga ana gudu da shi ka yi magana, saurin ne ke taɓa ƙoda. Wadda aka yi wa aikin karayar ƙugu ana jira aƙalla sati biyu bayan aikin.

Ka gaya mata tun kafin a je: kusan mutum ɗaya cikin uku na yin zazzaɓi da ciwon jiki da ciwon kai a kwana ukun farko bayan zagayen farko, kaman mura mai ƙarfi. Farasitamol da ruwa sun isa, kuma shekara ta biyu yawanci da sauƙi sosai. Wadda ba a gaya wa ba ita ce ke rantsewa ba za ta sake ba. Wani abin lura, akwai zoledronet miligiram 4 da ake ba masu kansa a kan wani tsari daban mai kusa-kusa, wanda ke karɓar wancan ba a ƙara masa wannan.

Allurar ibandronet ta wata uku in ta wuce lokaci a yi ta da an samu dama, sai a ƙirga wata uku daga sabuwar ranar.

8. Abin da in ka gani za ka tsaya

Zafi wajen haɗiya, abinci na maƙalewa, ciwo a bayan ƙashin ƙirji, ƙwannafi sabo ko wanda ya ƙaru: a dakatar da ƙwayar a ga likita. Jin tsira-tsira a leɓe da yatsu ko jijiya na ɗaurewa, kalsiyam ne ya sauka. Ido ya yi ja yana ciwo ba ya son haske, shi ma kar a zauna da shi.

Biyu da mutane suka fi jin tsoro su ne ruɓewar ƙashin muƙamuƙi da wata irin karayar cinya, dukkansu ba kasafai ba ne a wannan ƙimar, karayar da maganin ke hanawa ta ninka su nesa ba kusa ba. Amma ka san alamarsu: ramin haƙori da ya ƙi warkewa ko ƙashi ya bayyana a dasashi, da ciwo mai nuƙurƙusa a cinya ko matsematsi ga wadda ta yi shekaru tana sha, yakan yi makonni kafin ƙashin ya karye. Wannan ciwon cinyar kar a ce tsufa ne a shafa man zafi, a yi hoto, kuma cinya biyun. Duk likitan haƙorin da za a je wajensa a gaya masa ana kan maganin.

Kuma kar ta jira ta ji sauƙi a jiki, ba maganin ciwo ba ne, ba ya miƙar da doron da ya riga ya fito. Da yawa a nan suke ajiyewa cikin shekarar farko wai ba su ga canji ba.

9. Bayan shekara 5, ko 3

Yanzu ka ɗauko katin nan. Mai ƙwaya in ta cika shekara 5, mai ƙarin ruwa in ta karɓi zagaye 3, a koma wajen likita a sake auna haɗarin, da sabon DXA in akwai. Idan makin ƙugu ya haura -2.5 kuma ba a samu karaya ba, ana iya ba ta hutu, maganin da ke ƙashi na ci gaba da aiki, haɗarin karayar cinyar nan kuma yana sauka bayan an tsaya. Idan makin na nan a -2.5 ko ƙasa, ko ta taɓa karyewa a ƙugu ko baya, ko shekaru sun ja sosai, ko har yanzu tana kan firednisolon, ana ci gaba, ƙwaya har shekara 10, ƙarin ruwa har 6.

Hutun ba sallama ba ce. Kalsiyam da bitamin D na nan, ana sake dubawa bayan shekara biyu zuwa uku, mai risedronet da wuri dan shi ya fi saurin sakin ƙashi, zoledronet ya fi su daɗewa. In aka samu karaya a cikin hutun ba a jiran lokacin ya cika, a koma.

Sai ka tabbatar da sunan abin da ake ba ta kafin ka fara maganar hutu. Akwai allurar ƙarƙashin fata ta wata shida-shida, denosumab, Prolia a jikin kwali, wadda ake komawa gare ta idan ƙoda ta hana bisfosfonet. Ita ba 'yar gidan nan ba ce, ba ta zama a ƙashi, in aka tsaya ko aka makara da ita ƙashin na zubewa da sauri har a samu karayar baya fiye da ɗaya. Ita ba ta da hutu, in za a daina sai likita ya ɗora alendronet ko zoledronet a bayanta, dan haka ranar allurar ta gaba ka rubuta ta a katin tun kuna asibitin.